Tufkar Haske

Ƙarfe ɗayan dare a Marina.
Ruwan sama na marin tagogi,
ciki kuwa sanyin inji ya daskarar min da yatsu.
Ina tsugune bayan durowar ƙarfe,
tocila a baki, takarda a gwiwa.

Suwici biyu ne: ɗaya nan hawa na uku,
ɗaya can ƙasa, maƙwabcin ɗakin batir.
Bayansu rumbuna cike da amanar mutane,
albashin masu sharar titi,
adashen matan da ke kasa tattasai a Oyingbo,
kuɗin makarantar yaron da ban sani ba.
Duk ta zare guda suke wucewa,
siriri kamar silin gashi.
In wata ya zo ƙarshe
sai ya cushe kamar gadar Eko ran Litinin,
kowa na hon, ba mai motsi.

Oga Folarin ya ce, ƙara masa 'yan'uwa.
Na ce, ranka ya daɗe, ƙari kaɗai ba ya yi.
Zare huɗu in an bar su a warwatse
ɗaya zai yi ta nishi, uku na hamma.
Tufka ake so.

Kakana Barau a Agege ya tsufa,
igiyar rama yake murzawa a cinya
don masu ɗaure huhun goro.
Yakan ce da ni, Ladidi, duba nan:
silin da ya fi 'yan'uwansa tsawo
barci yake yi ranar da suke tsinkewa.

To, ga sharuɗɗan, na rubuta su tun Laraba.
Ramukan su zama 'yan ɗaki ɗaya,
kada a ɗauko bare daga wani layi.
Gudunsu ya zo daidai.
Tsawonsu kuma kada ya yi nisa da juna.
Na zana, na goge, na sake zanawa,
na bar rami biyu fanko saboda baɗi,
don Legas ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba.

Na soka na farko, kore.
Na biyu, kore. Na uku ya bi sahu.
Na huɗu ya kama, amma ya ƙi shiga dangi,
ya tsaya gefe kamar baƙo a gidan suna.

Na goge bakinsa, na sake sokawa. Shiru.
Nkiru ta sauko da tsohon zanen ginin,
muka bi shi da yatsa, muka gano:
ɗan kwangila ya zagaya da shi bayan lifta,
mita hamsin na banza.
Haske ma yana makara, ashe.
Ba ta kai ƙiftawar ido ba,
amma ta isa ƙani ya riga wa shiga ɗaki,
saƙo ya iso ƙafa a sama, kai a ƙasa.

Muka ja sabo ta gajeriyar hanya,
ƙura a hanci, gwiwa a siminti.
Uku da kwata ya shiga cikin 'yan'uwansa.

Saura gwajin da ba na so.
Na kama jagoransu, na yi bisimilla, na zare.
Nkiru ta riƙe numfashi.
Allo bai ko girgiza ba.
Wani ya karɓi jagoranci ba gardama,
ukun suka raba kayan a tsakaninsu.
Na mayar da shi, na manna wa kowa suna,
na rubuta a littafi don wanda zai gaje ni.

An kira assalatu daga Obalende.
Anjima wayoyi za su yi ƙara a aljihu,
mai shara zai duba, ya yi murmushi,
ba zai san da zare huɗu ba.

Ni kuwa ina cikin danfo a doguwar gada,
layi huɗu, duka a tsaye,
kwandasta na zagin wani mai tirela.
Na jingina kai da gilashi
ina lissafin yadda zan tufke su,
har barci ya ɗauke ni kafin Oworo.